Wane suna za mu raɗa wa "diglossia" da Hausa?

Assalamu alaikum Malam. Ina shirya darasi a kan walwalar harshe, wato nazarin yadda al'umma ke amfani da harshe, sai na ci karo da kalmar "diglossia", wadda ta yaɗu bayan maƙalar masanin harshe Charles Ferguson ta 1959, inda ya kafa hujja da Larabci da Girkanci da Jamusancin Siwizalan da Kiriyol ɗin Haiti. Abin da take nufi shi ne al'umma ta riƙe nau'i biyu na harshe guda, kowanne da fagensa. Na rubuta "tagwayen harshe", amma raina bai kwanta ba.

Wa alaikumus salam, ɗana. Da gaskiyar ranka, domin Hassan da Husaini kwano ɗaya suke ci, alhali waɗannan nau'o'i ba darajarsu ɗaya ba. Dubi Masar, inda limami zai yi huɗuba da Fus-ha, wato daidaitaccen Larabci, idan ya sauko ya shiga kasuwa kuma ya taya tumatir da Ammiyya, wato Larabcin yau da kullum, kuma ba wanda ya sha Fus-ha a nono, sai dai a koye ta a makaranta. Ɗalibinmu da ya ƙoshi da nahawu a Kano yakan sauka Alƙahira ya ce "ila aina tazhabu", wato "ina za ka", direban tasi ya yi murmushi, don shi "rayih fen" ya saba ji. Kada ka kusanci "baki biyu", tunda a wurinmu mai baki biyu shi ne wanda ba a riƙe maganarsa. Ni na fi son "harshe mai hawa biyu", kamar bene, saboda Ferguson kansa da na sama da na ƙasa ya kira su.

Allah ya gafarta Malam, sunan ya zauna. To amma yaya za a yi da babbar kotu a nan, inda shaida ke magana da Hausa, tafinta ya juya, alƙali ya rubuta da Turanci? Ai harsuna biyu ne daban.

Wani masanin harshen, Joshua Fishman, ya faɗaɗa ma'anar a 1967 har ta ɗauki irin wannan, ya kawo misalin Sifaniyanci da Guarani a Faraguwe. Saboda haka idan harsunan daban ne, ka ce "zaman harsuna mai hawa biyu". Ka kuma faɗa wa ɗalibanka cewa hawan ba dawwamamme ba ne, domin a 1976 Girka ta ɗauko harshen gida da kasuwa, Dimotiki, ta mayar da shi na hukuma da makarantu.