Wa ya san labarin Warren MacKenzie, maginin tangaran na Amurka?

Ummu_Yumbu:
Salamu alaikum jama'a. Ina koyon ginin tangaran a makaranta, jiya malaminmu ya ambaci wani Ba'amurke wai shi Warren MacKenzie, ya ce duk sunan da ya yi da gangan yake sayar da kwanukansa da araha, wlh abin ya tsaya min a rai. Dan Allah wanda ya san tarihinsa ya ɗan warware min.

Malam_Zane:
Wa alaikumus salam ƙanwata. An haife shi a 1924, ya rasu ranar ƙarshe ta 2018. A Chicago ya yi karatu, kuma zanen fenti ya so yi tun farko, da ya dawo daga aikin soja sai ya tarar ajin ya cika shi ne ya shiga na yumɓu. Daga baya shi da matarsa Alix suka tafi St Ives a Ingila suka zauna gaban Bernard Leach, wani shahararren maginin tangaran, wajen shekara 2 suna almajiranci. 1953 ya fara koyarwa a Jami'ar Minnesota bai bari ba sai 1990, ɗalibansa da yawa sun zama manyan magina.

Dan_Randa:
Maganar arahar gaskiya ce yar'uwa, kuma ita ta sa nake ganin girman mutumin. Shi a wajensa kwano na cin abinci ne, a sha shayi a ciki a wanke gobe a sake ɗauka, in ya yi tsada mutum zai ji tsoron taɓa shi ya jera a kabad. A gidansa na Stillwater a jihar Minnesota, a da akwai ɗakin da yake jera kaya ba mai tsaro, ka zaɓa ka ajiye kuɗin ka tafi, har akwai lokutan da ya daina buga tambarinsa a jikin tukwanen saboda masu sayen suna kawai, amma duk da haka wasu suka riƙa kwashewa suna sayarwa da tsada a intanet, gsky wannan ya min ciwo.

Yar_Suleja:
Bari in ƙara abu ɗaya. Michael Cardew da ya buɗe cibiyar koyon tangaran a tsohuwar Abuja, Suleja ɗinmu ta yanzu, shi ma almajirin Leach ne, kuma nan Ladi Kwali ta shiga a 1954, wadda ke jikin naira 20. Kin ga MacKenzie da Cardew malaminsu ɗaya ne.

Ummu_Yumbu:
Allah ya saka da alheri. Yaya Dan_Randa, wane irin ruwan ƙyalli yake shafa wa kwanukan kafin gashi? Shi nake so in gwada a aikina na wannan zangon.