Allon gwajina ya ƙi tashi ta TFTP: in sake bugawa ko in ci gaba da tono?

ƊanKoyo_Zazzau
Assalamu alaikum. Mun zana allon lantarki (PCB) na tattara bayanan mitar sola, furosesa i.MX6ULL ne da guntun LAN8720A a ɓangaren Ethernet. Guda 5 aka bugo mana, na haɗa 3. U-Boot, manhajar da ke fara tayar da allon, yana tashi daga katin SD lafiya lau, ina ganin komai ta siriyal a 115200. Fitilar kebul tana kamawa, dhcp yana samun adireshi. Amma da na ce ya jawo kanel ɗin Linux daga laftof ta TFTP (hanyar ɗauko fayil ta Ethernet) sai ya fara ### (alamar yana saukewa), sai T T T (alamar ya jira amsa bai samu ba), can ya gaji ya daina. Duka ukun haka suke. Na canza kebul sau uku, na kashe katangar tsaron (firewall) laftof, allo ɗaya kawai nake haɗawa kai tsaye, babu suwic a tsakani. Laftof ɗin nan dai yana tayar da allon BeagleBone Black da ake sayarwa ta TFTP ba gardama. Saura mako uku mu nuna wa mai aikin. In tura a sake bugo allon yau, ko in ci gaba da neman matsalar a manhaja?

Abban_Siyama
Wa alaikumus salam. Canza kebul. Kebul ɗin kasuwa wasunsu alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe.

MaiLinux
Katangar tsaro ce. TFTP a tasha ta 69 kawai yake sallama, sauran zancen a wata tasha daban ake yi, shi ya sa buɗe 69 kaɗai ba ya isa. Kashe ta gaba ɗaya ka gani.

ƊanKoyo_Zazzau
Na gode Yaya, amma na faɗa a sama, na kashe ta, kebul ma na canza.

TsohonInjiniya
Yaro, kada ka kuskura ka tura kuɗi. Ni aka yi wa wannan, har yau in na tuna abinci ba ya min daɗi. Wani kamfani ya ba mu aikin na'urar ɗaukar halartar ma'aikata, alluna goma na gwaji. A teburina kowanne yana tashi. Da muka kai ofishinsu muka jona su a suwic ɗaya, sai hauka: wannan ya tashi, wancan ya tsaya a rabi, ka kashe ka kunna su yi musaya. Abokin aikina ya rantse layukan da ke zuwa RJ45, soket ɗin kebul, ne ba mu daidaita tsawonsu ba. Muka sake zane, muka biya, muka jira mako biyar. Suka iso, ciwon yana nan. Muka ce to taransifomar cikin soket ɗin ce, muka sake bugu na uku, wannan karon da kuɗin motata da na sayar. Ranar da na zauna da Wireshark, manhajar duba saƙonnin da ke wucewa a layi, abin da ya kamata in yi tun daren farko, cikin minti goma na ga abin. Hoton kati ɗaya muka kwafa wa duka goman, da ethaddr, wato adireshin MAC da suwic ke gane kowane allo da shi, a ajiye a ciki. Alluna goma, adireshin MAC ɗaya. Suwic ya rasa wa zai miƙa wa saƙo. Layi ɗaya na rubutu ne maganin. Kafin nan kamfanin ya riga ya ba wasu aikin, abokin nawa kuma shekara huɗu ke nan ko gaisuwar salla ba ma yi.

Abban_Siyama
Innalillahi. Allah Ya mayar da alheri, Baba. Wace irin mota ce?

TsohonInjiniya
Bar zancen motar nan.

Gwanin_Dalma
Hhhh Baba ya sayar da mota ya sayi darasin setenv, umarnin canza saiti a U-Boot. Jami'a ma ba ta kai wannan tsada ba.

ƊanKoyo_Zazzau
Allah Ya huci zuciyarka, Baba. Sai dai ni allo ɗaya nake jonawa, ba wanda zai yi rigimar MAC da shi.

TsohonInjiniya
Ni ma haka na ce a lokacin. Ka duba saitin U-Boot da printenv dai.

Injiniya_Maman_Haidar
Ƙanena, labarin Baba gaskiya ne amma ba ciwonka ba ne. Ƙananan saƙonni suna wucewa, manya suna zubewa, a alluna uku iri ɗaya: ni agogo nake zargi. RMII, wato haɗin da ke tsakanin i.MX6ULL da LAN8720A, yana tafiya ne da bugun agogo na 50 MHz guda ɗaya, kuma dole ɓangare ɗaya ne kawai zai bayar da shi. LAN8720A yana iya karɓa daga waje, yana kuma iya samar da shi daga kiristal na 25 MHz. Abin da ke zaɓa masa shi ne siginar nINTSEL, wanda ƙafa ɗaya suke rabawa da LED2, don haka yadda ka ɗaura fitilar nan da rezistarta shi ke yanke hukunci lokacin da wuta ta shigo. i.MX6ULL shi ma ana saita masa ko ya fitar da agogon ko ya karɓa. In ka kwafi saitin allon EVK, allon samfuri na kamfanin i.MX6ULL, wanda guntun Ethernet KSZ8081 ne a kansa, ka liƙa a naka ba ka duba ba, kana iya samun biyu suna tura agogo a layi ɗaya. Takardar bayanan LAN8720A ma da kanta ta ce yanayin fitar da agogon ba ya cikin ƙa'idar RMII, sai mai zane ya yi lissafin lokacinsa. Gwaji na kyauta: da umarnin ethtool ka sa laftof ya tallata 10 Mbps kawai. A wannan gudun kowane bayani yana zama bugu goma a kan layi, to in TFTP ya wuce sumul, ka san inda za ka tona. Wa ke ba da agogo a zanenka?

MaiLinux
Hajiya, da girmamawa, kullum ku mutanen dalma sai ku ce allo ne. Ya rage tftpblocksize, girman kowane saƙon TFTP, zuwa 512 tukuna. Kuma ko kanel ya sauka, NFS, hanyar da allon zai karanta fayilolinsa daga laftof, na jiransa a gaba: sababbin Linux sun rufe tsohon NFS na 2, in bai rubuta v3 a saitin nfsroot ba zai kwana a nan.

Injiniya_Maman_Haidar
Ya isa NFS ɗin mana tukuna. Allo nawa ka taɓa tayarwa daga zane, Malam?

MaiLinux
Shekara tara ina kula da saba.

Gwanin_Dalma
Wato ko ɗaya. Mai gadin asibiti ya daɗe a asibiti, amma ba shi ke fiɗa ba.

MaiLinux
Kai kuma gyaran waya ne sana'arka, me ka sani a TFTP?

Sahel_Yamai
Ku yi haƙuri da juna. Ni shawarata ya manta da intanet ɗin nan, ya nuna aikin daga katin SD. Mai aiki ina ruwansa da ta inda kanel ya shigo?

ƊanKoyo_Zazzau
Na yi tunanin haka, amma na'urar ta Ethernet ɗin za ta riƙa aika bayanan mita. In layin yana zubar da kaya, ranar nunin zai tona min asiri. Anti, kiristal 25 na sa, saitin kuma na EVK na ɗauka. Ba ni da osiloskop, na'urar ganin sigina, da zan duba.

Abban_Siyama
Sayi ƙaramar na'urar duba sigina (logic analyzer) ta USB mai layi takwas, dala goma ce ko ƙasa.

Injiniya_Maman_Haidar
Waccan 24 MHz take ɗauka, ta yaya za ta ga 50? Ka je sashen lantarki na makarantarku ka roƙi awa ɗaya a kan osiloskop na 100 MHz ko sama. In abin da nake zato ne, rezista ɗaya za ka ɗaga, ko ka gyara layi biyu a saiti. Ba sai an sake bugu ba.

Gwanin_Dalma
Sake bugun ma nawa yake? Guda biyar mai hawa huɗu na yi bara, bai kai dala 40 ba.

TsohonInjiniya
Dala 40 a mafarki. Nawa sai da ya haura 600 kowane zagaye.

Gwanin_Dalma
Allo tsirara nake nufi, Baba, ni nake ɗora kayan da hannuna.

TsohonInjiniya
BGA, guntun da ƙafafunsa ke ɓoye a ƙarƙashinsa, za ka ɗora da hannu? Da wannan hitar taka ta cire gilashin waya?

Sahel_Yamai
Kuɗin bugu ba shi ne ciwon ba, kawowa ne. Ni allunana kwana huɗu suka yi daga Shenzhen, suka yi kwana ashirin da shida a ɗakin ajiyar wani kamfanin aika kaya. Kullum in kira a ce takarda ɗaya ta rage. Ƙarshe kuɗin ajiya da suka caje ni ya fi kuɗin allunan.

Abban_Siyama
Kai ka ma samu naka. Ni kwalin ya iso a buɗe, rezistoci sun zube a ciki kamar gero, suka ce haka aka ba su. Wa kuke bi yanzu ta Kano? Ina da kaya tun kafin azumi.

ƊanKoyo_Zazzau
Anti, na gwada 10 Mbps. Na farko ya sauke kanel har ƙarshe, na biyu ya sake yin T sau biyu amma ya gama. Na uku ban kai gare shi ba aka ɗauke wuta. Wannan yana nufin agogon ne, ko har yanzu ba tabbas?

Gwanin_Dalma
Abban Siyama, kilo nawa ne kayan? Akwai masu haɗa kaya ta jirgi duk mako, amma in akwai batir a ciki kada ma ka fara.