Shin icen bishiyar shayi yana da ƙamshin da za a yi turare da shi?

Mai Humra: Assalamu alaikum. Sana'ata haɗa turaren wuta da humra, kuma na fi aiki da icen sandal da hawi da kajiji. Kwanan baya wani ƙanena da ke zaune a Gembu ya aiko mini da buhun rassan bishiyar shayi da aka sassaro a gona, yana ganin tunda ganyen yana da ƙamshi, icen ma ba zai rasa ba. Na ɗora guntu a kan garwashi, amma ban ji komai ba sai ƙaurin ice da wani ƙamshi mai rauni wanda ya ɓace nan take. Ina neman sanin ko akwai hanyar fito da ƙamshinsa, ko kuwa in mayar da shi makamashi in huta.

Ɗan Mambila: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Abin da kika ji shi ne iyakar abin da ke cikinsa. A gonakin shayi irin na Kakara da ke ƙaramar hukumar Sardauna a jihar Taraba, ba a barin bishiyar ta wuce ƙugun mutum domin masu tsinkar ganye su samu sauƙi, kuma duk bayan 'yan shekaru ana datse ta sosai don ta sake toho, alhali da za a ƙyale ta sai ta zama babbar bishiya. Waɗannan rassan da aka datse su ne suka iso gare ki, kuma akasari a gindin shukar ake barin su su ruɓe su zama taki, ko a kai su murhu. Ki tambayi ƙanen naki ko an yi wa gonar feshin magani gab da saran, domin abin da za a ƙona a ɗaki a shaƙa ba a sakaci da shi.

Malamin Kimiyya: Ƙamshin shayi a ganye yake, kuma mafi yawansa ba ya bayyana sai an bar ganyen ya yi yaushi, an murza shi, iska ta shige shi, sannan aka busar, a lokacin ne sinadarai irin su linalool da geraniol suke fitowa. Sandal ya bambanta, domin mansa yana taruwa ne a zuciyar ice bayan shekaru masu yawa, shi kuwa al'ud ƙaro ne da bishiyar Aquilaria take fitarwa idan ta ji rauni ko cuta ta kama ta. Jihar Assam ta Indiya ta shahara da shayi da al'ud duka biyu, amma icen da 'yan kasuwar garin Hojai da ke jihar suke tatsar mai daga gare shi na al'ud ne, ba na shayi ba. Ko shahararren turaren koren shayi da kamfanin Bulgari ya fitar a farkon shekarun 1990, wanda Jean-Claude Ellena ya haɗa, da sinadaran hedione da ionone aka kwaikwayi ƙamshin. Sannan kada sunan "tea tree" da ke jikin wasu kwalabe ya ruɗe ki, wannan man ganyen wata bishiyar Ostireliya ce da ba ta da dangantaka da shayin da muke sha.

Yakura: Ni dai 'yar'uwa ba zan ba ki shawarar zubar da shi ba. A sana'armu ba kowane ice ake nema don ƙamshin kansa ba, wani ana son sa ne don ya sha turare ya riƙe, kuma icen da ba shi da wari mai ƙarfi ba ya gardama da abin da aka zuba masa. Ki ɓare bawon, ki sassara ƙanana, ki shanya a inuwa har ya bushe ƙarau, sannan ki jiƙa kaɗan da man sandal da miski, ki rufe a kwalba mako biyu kafin ki haɗa da narkakken sukari kamar yadda kika saba. Idan ƙamshin shayin kansa kike so, ki sani a Japan suna gasa siraran karan shayi su yi abin sha da su, suna kuma da kasko na musamman da ake ɗumama ganyen a kan kyandir don ɗaki ya ɗauki ƙamshi. Sirrin a nan shi ne ɗumi ba tare da ƙonewa ba, saboda haka ki rufe garwashin da toka kafin ki ɗora ganyen.

Mai Humra: Na gode ƙwarai. Na kira ƙanena kan maganar feshin, ya ce zai bincika. Kafin nan zan jiƙa rabin gwangwani kawai, in ajiye wani rabin na hawi a gefensa da turare iri ɗaya, domin in ga wanda zai fi daɗewa a jikin tufafi.