Wane folish da wane soso ke cire zanen wanki a baƙar mota?

Mai Baƙar Camry:
Assalamu alaikum. Masana fenti, a taimaka. Camry ce baƙa ƙirar 2012. A inuwa tana sheƙi, amma da rana ta haska ta sai siraran zane zagaye-zagaye su bayyana kamar saƙar gizo-gizo, musamman a bonet da saman but. In an shafa waks su ɓace, bayan 'yan wanke-wanke su dawo. Na samu aron injin folish irin DA, wato wanda farantinsa ke juyawa yana kuma girgiza. Wane folish zan saya, da wane soso? Ko in kai wa masu G3, folish ɗin nan mai kaushi, da soson ulu?

Oga Fenta:
Wa alaikumus salam. Malam, waks ba ya cire zane, cike shi yake yi, shi ya sa sabulu ke tona shi. Zanen yana cikin kiliya ne, wato rufin saman fenti, kuma cire shi na nufin a kankare kiliyar kaɗan har ta yi daidai da gindin zanen. Fentin kamfani gaba ɗayansa yakan kai kaurin maikuron 100 zuwa 150 (maikuron 1000 ne milimita ɗaya), kiliya a ciki kamar 35 zuwa 50 ce kawai. Abin da ka kankare ba ya dawowa, don haka da mafi laushi ake farawa.

Kiliyar Toyota da Honda galibi tana da taushi, ba kamar ta Marsandi ko Audi ba. Zagaye wuri mai santimita 40 kowane gefe da maskin tef a kan bonet. Ɗora soso mai matsakaicin tauri, ka sa folish mai laushi, Meguiar's M205 ko Menzerna 3500. Ɗigo 4 girman ƙwayar wake ya isa. Dangwala shi a wurin tukuna, ka baza a gudu na 1 ko 2, sannan ka ɗaga zuwa 4 ko 5. Tafi a hankali, kamar santimita 3 a daƙiƙa, kowane layi ya hau rabin na baya, a tsaye sau 2, a kwance sau 2. Goge da tawul ɗin maikurofaiba ka haska tocila.

In zanen ya tafi, da haɗin nan za ka gama motar. In da saura, canza abu ɗaya kawai: soso mai tauri da folish ɗin nan, ko Menzerna 2500 da soson farko. Sai in hakan ya gaza za a je ga masu kaushi, Meguiar's M105 ko Menzerna 400, su kuma a baƙar mota sukan bar hazo, dole a bi bayansu da mai laushi.

Batun G3 da ulu a kan injin rotari mai juyawa kawai ba girgiza kuwa, na bayan sanfefa ne, a kan sabon fenti. A hannun da bai ƙware ba zai bar maka wani zanen mai walƙiya da ya fi wanda kake kuka da shi muni, ga ƙona gefe.

Mai Wankin Mota:
Oga ya faɗi gaskiya, amma akwai aikin da ke gaban folish. A wanke motar tas, a bi ta da kile, wato ƙullun da ke cire dattin da ya manne a fenti, tare da ruwan santsi. Sa hannunka cikin siririyar leda ka shafa bonet, in ka ji ƙurji-ƙurji to akwai datti manne, kuma soso zai kwashe shi ya yi ta juya shi a kan fenti. Kada a yi aikin a rana ko bodi na da zafi, folish zai bushe ya zama gari kafin ya ci. Lokacin hunturu a shiga rufaffen wuri, ƙura guda ta shiga ƙarƙashin soso ta ɓata aikin.

Kada ka sayi soso da launi. A wasu sosunan kamfanin Lake Country ruwan lemo na yanka ne, fari na folish, baƙi na gamawa, amma wani kamfanin nasa tsarin daban. Karanta jikin leda, ka kuma matsa shi da yatsa.

Mai Baƙar Camry:
Na gode ƙwarai. Soso ɗaya zai gama motar? Sannan akwai wani dogon zane a ƙofar baya, kuma ina zargin an taɓa yi wa ƙofar fenti.

Oga Fenta:
Ɗaya ba zai yi ba, Malam. Nemi 4 zuwa 6 na inci 5, da ƙarami na inci 3 saboda bamba da sandunan gilas. Soso in ya jiƙe da folish da garin kiliya sai ya ɗau zafi, ya yi laushi, ya daina ci, har mannensa na baya ya saki. Bayan kowane sashe ka karce shi da buroshi, bayan ɓangaren bodi 2 ka canza soson. Ja layi da alƙalamin maka a bayan farantin injin: in layin ya daina juyawa, ka danne da yawa ko ka karkata soson, kuma DA in bai juya ba girgiza kawai yake.

Dogon zanen, ja farce a kai. In farce ya maƙale, ya yi zurfin da folish ba zai cire ba, sai dai ya rage masa kaifi. Kada ka nace.

Ƙofar da aka sake wa fenti a yi mata gwajinta daban, don taurinta ba zai zo ɗaya da na kamfani ba. In akwai na'urar auna kauri, sama da maikuron 200 alamar an ƙara fenti ne, ƙasa da 80 a bi a hankali. In soso ya ɗauko baƙi, ko dai fentin ba shi da kiliya, ko an huda ta, a tsaya nan take. Rufe robobi da kaifin gefuna da tef, fenti ya fi siranta a can.

Mai Wankin Mota:
Ƙari ɗaya: man da ke cikin folish yana ɓoye zane. Kafin ka yanke hukunci a wurin gwaji, fesa barasar isopropyl da aka sirka, kashi 1 cikin ruwa kashi 4, ka goge sannan ka haska. Bayan an gama a sa waks ko silant mai kare fenti. Wanki kuma da bokiti 2, ɗaya na sabulun mota ɗaya na ɗauraye tawul, a fara watsa ruwa ya sauke ƙura, kuma a hana yara share ta da busasshen tsumma da safe.