Na tsinci 'yar mage a kwata, wa zan ba wa tsakanin mai magazan da Hajiyar layinmu?

Zulai_Garwa:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san kiwon kyanwa. Bayan ruwan nan da aka sheƙa kwanakin baya yaran kartiyenmu nan Yelwa a Garwa suka ciro wata 'yar mage daga kwata, sun ɗaura mata igiyar leda a wuya suna ja a ƙasa, na ba su kuɗin alewa na karɓe ta, jiƙe sharkaf ido duk kwantsa ba uwa ba 'yan uwa. Na sa ta cikin kwali da tsohon zani. Yanzu alhamdulillahi ta murmure, tana cin bandar kifi in na cire mata ƙaya, in ina shara kuma ba ta barin tsintsiya ta huta. Matsalar gidan haya muke, mai gidan tana da 'yan tsaki ta ce zuwa ƙarshen wata in san inda dare ya yi mata. Mutum biyu sun nema: wani Alhaji mai magazan ɗin masara da gero a babbar kasuwa, ɓeraye sun ishe shi, da wata Hajiya a layinmu mai jikoki cike da gida. Wa ya fi? Kuma ta kai a ba da ita kuwa? Idonta har yanzu shuɗi-shuɗi ne. Sannan gashi ya zube a bayan kunnenta ɗaya, wani zagaye mai ɓawo-ɓawo, mene ne shi.

Baffa_Ngaundere:
Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba da lada. Aikin dabbobi nake yi, shanu ne dai yawanci amma ana kawo mana mage. Ido shuɗi kuma tana cin abinci da kanta, to ba ta wuce sati biyar zuwa shida ba, launin ido yana fara juyawa wajen sati bakwai. Ki kai ta butik a ɗora a sikeli, 'yar wata biyu tana kusan kilo 1, in ba ta kai nan ba kar ki ba kowa tukun, ki roƙi mai gidan ta ƙara haƙuri, ai wannan ba ta isa kama ɗan tsako ba ma.

Zagayen nan na bayan kunne da alama makero ne, kuma yana kama mutane musamman yara, shi ya sa ba zan so ta shiga gidan jikoki ba sai an yi magani. Ki riƙa wanke hannu bayan kin taɓa ta, zanin kwalin a wanke da ruwan zafi a shanya a rana. A kai ta likitan dabbobi ya gani da ido, ya ba ta har da maganin tsutsar ciki gwargwadon nauyinta, kusan duk 'yar magen titi tana da tsutsa. Allurar ciwon haukan kare sai ta cika wata uku, ranar kuma ki ce a rubuta miki a karne, wato katin allura, karnen ya bi ta duk gidan da ta tafi.

Abin da nake roƙonki, kar ki ba ta paracetamol ko ɗan ɓari, yana kashe kyanwa. Maganin ƙuma na karnuka mai permethrin shi ma guba ne gare ta, haka fiya-fiyar da ake sayarwa a bakin hanya. Madarar shanu ko ta gari yawanci zawo take sa su, ruwa mai kyau ya fi. Miya mai albasa da tafarnuwa kuma a bar wa mutane.

Alh_Sani_Kuseri:
Ni dai na san inda maganar nan za ta nufa, za a ce ɗan kasuwa mugu ne. Muzuru biyu gare ni a magazan shekara da shekaru, kullum da safe yarona yana sayo musu kan kifi, ga ruwa a tasa, sun fi wasu mutanen ƙiba. Magen gida kuma fa? yara su ja wutsiya su jefa ta sama su sa ta a bokiti, na gani da idona. Ki duba mutumin kawai 'yata, ba wurin ba.

Maman_Hanan_Marwa:
Alhaji da girmanka, kai ɗaya ne a cikin goma wlh. Yawancin masu magazan abin da ke kansu shi ne in aka ba mage abinci ba za ta kama ɓera ba, sai su rufe ta da yunwa, alhali mage ko ta ƙoshi tana farauta, halinta ne. Ni na taɓa ba wani mai shago 'yar mage, ya yi tafiya ƙauye biki ya sa kwaɗo ya tafi, cikin watan Afrilu fa, kun san zafin Marwa ya haura digiri 40 balle ƙarƙashin kwano, maƙwabcin shagon ne ya ji kuka ya riƙa zura mata ruwa a murfin bidon ta ƙarƙashin ƙofa, da na je ɗauko ta har haƙarƙarinta ana ƙirgawa. Kuma duk mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba ba ta sake ta ta nema ba.

Wani abu kuma Zulai, ɓerayen kasuwar hatsi ba ƙananan ɓerayen ɗaki ba ne, har da gafiya, 'yar wata biyu su ne za su cinye ta. Sannan ki tambayi Alhajin ko yana zuba maganin ɓera a bayan buhuna, in yana zubawa magana ta ƙare, mage ta ci ɓeran da ya sha guba ita ma ta kwanta.

Ita ma Hajiyar kar ki ga kunya ta hana ki tambaya. Ki je gidan ki zauna kamar kin zo gaisuwa ki ga yadda jikokin ke yi da kaji da akuya, nan za ki gane. Ki tambaye ta wa zai kula da ita in ta tafi Umra ko biki Yola. Kuma tunda mace ce ki faɗa mata gaskiya tun yanzu: daga wata biyar ko shida tana iya ɗaukar ciki, cikin wata biyu ne da 'yan kwanaki, a shekara ta haihu sau biyu ko uku, kowane karo huɗu biyar. Waɗanda ba su shirya wa wannan ba su ne ke zuba 'ya'yan a kwali su kai bola, wataƙila ma haka taki ta faɗa kwata.

Baffa_Ngaundere:
Maman Hanan ta taɓo inda yake. Akwai aikin da ake yi wa macen a cire mahaifa, namiji kuma fiɗiya, nasa ya fi sauƙi da arha. Ku tambaya a ofishin dabbobi na MINEPIA, wato ma'aikatar kiwo ta Kamaru, da ke Garwa su nuna muku wanda ya iya. Allurar hana haihuwa da wasu ke yi wa mage ba na ba da shawara, tana kawo ruɓar mahaifa da ƙari a nono.

Idi_Njamena:
Ni batun cizo zan ƙara. Nan Njamena a 2012 da 2013 an bi unguwa-unguwa ana yi wa karnuka allurar hauka kyauta, ciwon ya ja baya sosai, amma mutane har yau suna ɗauka kare ne kaɗai ke ɗauke da shi, alhali mage ma tana kamuwa. Wadda aka tsinta a titi ba a san me ya cije ta ba. In ta ciji wani ko ta yakushe shi har jini, sabulu da ruwa minti 15 sannan asibiti, ba toka ba ba man fetur ba. Ku a Garwa ma kuna da reshen Centre Pasteur, cibiyar binciken cututtuka. Kuma kar ki sa hotonta a Facebook ki ce kyauta ga mai so, ba kowa ke nema don kiwo ba, akwai masu kai wa tukunya.

Zulai_Garwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baffa na kai ta butik, giram 600 ne da ɗan wani abu, mai butik ɗin sai dariya yake wai yau ya auna mage. Likita ya ce makeron ne, ya ba da man shafawa da na tsutsa. Na je wajen Alhajin, ya ce eh yana zuba magani duk ƙarshen wata, sai na ba shi haƙuri, ya ce ba komai in na samu babban muzuru in tuna da shi zai daina zubawa. Hajiya ta yarda ta jira har kunnen ya warke, jikarta babba ma ta riga ta sa mata suna Bilkisu, Hajiyar ta ce za su ware mata ɗakin ajiya da kwanon yashi ta yi sati biyu a ciki kafin a bar ta tsakar gida, don kar ta gudo ta dawo mana tunda layi ɗaya ne. Batun aikin mahaifar ne ta ɗan yi shiru, ta ce sai ta tambayi malami ko ya halatta. Saura mai gidanmu, gobe zan kai mata ƙosai in roƙi sati uku, Maman Hanan ki taya ni addu'a don matar nan ba ta da sauƙi.