Neman shawara: ɗinkin tsumman sauke tukunya da musayarsa tsakanin masu ɗinki

Tambaya daga wata mai ɗinki a Tudun Wada, Zariya

Assalamu alaikum wa rahmatullah, iyayena da yayyena da ƙannena na wannan zaure. Ina neman shawararku a kan wani shiri da muka ƙulla ni da wasu abokan sana'ata. Duk mai ɗinki ta san yadda ƙyallaye ke taruwa a gindin keke, musamman bayan ɗinkin Sallah, har a cika buhu a rasa yadda za a yi da su. Shi ne muka yi shawarar mu riƙa haɗa guntayen atamfa muna ɗinka tsumman sauke tukunya, irin wanda ake yi falle biyu a sa wani abu mai kauri a tsakiya, a bi shi da layukan ɗinki har ya zauna daram, sannan a yi masa hanci na ratayewa a ƙusa. Kafin mu kai ga maganar sayarwa, muna son mu fara da musaya: kowace ta ɗinka nata ta bayar, ita ma ta karɓi na wata, domin mu ga hannun juna mu ƙaru.

Abubuwa biyu ne suka tsayar da mu. Na farko, mun kasa daidaitawa a kan abin da za a sa a tsakiya, domin wasu sun ce soso, wasu sun ce faibar da ake cusa wa filo, wasu kuma sun ce a tara ƙyallaye a ninka kawai. Na biyu, ban san yadda zan tsara musayar ba tare da an samu ɓacin rai ba. Mu 12 ne, wasu a Zariya, wasu a Kaduna da Kano, ɗaya kuma a Maraɗi, sannan hannunmu ba ɗaya ba ne, akwai wadda ta tsufa a kan keke, akwai wadda bana ta fara koyo. Ina jin tsoron wadda ta zauna ta ƙure basirarta ta karɓi wanda aka yi a gurguje, abin da aka fara don zumunci ya zama sanadin ƙorafi. Don Allah waɗanda suka san kan abin su taimaka mana.

Amsa daga wata Hajiya mai shagon ɗinki a Fagge, Kano

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah Ya sa wa wannan shiri albarka. Zan tsaya a kan tambayarki ta farko, domin a ganina ita ce ta fi nauyi, tunda abu ne da mace za ta kama kunnen tukunya mai tafasa da shi ta dogara gare shi da hannunta.

Ki cire soso daga lissafi gaba ɗaya, haka ma faibar filo. Dukansu dangin roba ne, kuma halin roba idan ta ji wuta shi ne ta narke ta manne a duk abin da ta taɓa, har da fatar mutum. Yadin poliyesta yana narkewa a wajen digiri 250 zuwa 260 na ma'aunin Salshiyos, alhali harshen wutar gas ko garwashin gawayi ya zarce wannan nesa ba kusa ba. Auduga kuwa idan zafi ya yi mata yawa sai ta babbake ta yi baƙi, ba ta ɗiga ba ta mannewa. Saboda haka duk abin da zai shiga wannan aiki, tun daga fallen waje da na ciki har zuwa zare idan ya samu, ya kasance auduga.

Matsalar ita ce a yau ido kaɗai ba ya iya raba auduga da roba. Idan kika shiga Kantin Kwari za ki ga atamfa mai sheƙi da kyan zane wadda rabinta ko dukanta roba ce, haka ma shadda da yawa da yadin maza. Hanyar ganewa mai sauƙi ce. Ki yanki ɗan siririn ƙyalle, ki riƙe shi da almakashi a kan kwano a tsakar gida, ki kunna masa ashana. Idan auduga ce za ta kama ta ci da sauri, ki ji ƙauri irin na takardar da aka ƙona, ta bar toka mai laushi wadda za ta watse idan kin murza ta da yatsa. Idan roba ce za ki ga bakin ƙyallen yana ƙanƙancewa yana guje wa wutar, ya yi baƙin hayaƙi, kuma idan ya huce ya bar ɗan ƙullutu mai tauri wanda ba ya murzuwa. Duk wanda ya bar wannan ƙullutun, ki ware shi ki yi jakar kayan kwalliya ko rigar filo da shi, amma kada ya je kusa da murhu.

Abin da na fi yarda da shi a tsakiya shi ne tsohon tawul na auduga, a wanke shi tas a ninka biyu. Tsohon wandon jins ma yana yi, muddin ba irin mai talewa ba ne, domin wannan akwai roba a saƙarsa. Kuma ina gargaɗinku da audugar rimi. Sunanta auduga, tana da laushi, iyayenmu sun daɗe suna cusa ta a matashin kai, amma saurin kama wutarta ya fi ƙarfin a kai ta kicin.

Amsa daga wata mai sana'ar kek da cincin a Kaduna

Hajiya ta gama magana a kan yadi, Allah Ya ƙara girma. Ni zan ƙara da abin da mai aiki da obin kullum take lura da shi. Ana gasa kek a wajen digiri 180, kuma tire idan ya fito da wannan zafin sai an riƙe shi na ɗan lokaci kafin a sami wurin ajiyewa, saboda haka tsumman da ya isa a ɗaga murfin tukunya da shi ba lallai ne ya isa wannan aiki ba. Ku yi shi da faɗi, inci 8 kowane gefe shi ne mafi ƙaranci, domin idan an naɗe shi a bakin tire ya rufe yatsu da tafin hannu duka.

Abu na biyu da nake roƙon ku rubuta a takarda ku saka a kowane ƙunshi shi ne kada a yi amfani da shi a jiƙe. Komai kaurinsa, idan ya sha ruwa zafi zai ratsa shi nan take, ruwan ya koma tururi a cikin tafin hannu, kuma ƙunar tururi tana tayar da bororo. Wannan ne ya sa nake ganin a riƙa bayarwa bibbiyu, tunda tukunya ma kunne biyu gare ta. Kada kuma a yi masa ado da geza ko dogon zare mai lilo, kuma hancin ratayewar ya zama gajere, yadda ba zai leƙa cikin wuta ba idan an miƙa hannu kan risho.

Amsa daga wani tela a Katsina

Malama, barka da ƙoƙari. Wannan aiki ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, domin lifidin da ake yi wa dawaki, wanda har yanzu muke gani a hawan Sallah, da wannan dabarar ake yin sa: yadi sama, yadi ƙasa, abin cushe a tsakiya, a bi da ɗinki don kada ya tattare a gefe ɗaya. Ta fuskar keke ga abin da zan ce.

Ku wanke ƙyallayen kafin a yanka, ku shanya ku goge. Atamfa tana ɗan tsukewa a wankin farko, wata kuma tana zuba, kuma idan aka haɗa wankakken tawul da sabuwar atamfa mai sitaci, ranar da aka wanke sai abin ya murɗe ya ƙi kwanciya. Idan kin jera fallayen, ki fara kama su da allurar hannu da manyan ɗinki daga tsakiya zuwa gefe, sannan ki ja layuka da alli, tazarar inci 1 zuwa 1 da rabi tsakaninsu. Ki fara ɗinka layin tsakiya ki riƙa fita waje, domin idan kika faro daga gefe yadin sama zai riƙa tafiya gaba yana tattaruwa, ki iske ya yi ƙunci a ƙarshe. Kada layukan su yi kusa da juna ƙwarai don neman ado, saboda iskar da ke maƙale cikin tawul tana cikin abin da ke tare zafi, idan aka danne ta da ɗinki ko'ina kaurin ya tashi a banza.

Keken ƙafa irin Butterfly ko Singer yana cin wannan aiki lafiya lau, sai dai a sa allura mai lamba 16, ko 18 idan akwai jins, a kuma buɗe tazarar ɗinkin ta fi ta ɗinkin riga. Wajen bayas, wato siririn ƙyallen da ake rufe bakin ɗinki da shi, wanda ake sayarwa a naɗe galibi roba ne, gara ki yanka naki a karkace daga atamfar. Ga masu koyo, a zagaye kusurwoyin da bakin kofi kafin a sa bayas, ya fi sauƙin juyawa.

Amsa daga wata uwar gida a Gusau

'Yar uwa, ni a tambaya ta biyu nake da magana, kuma ra'ayina shi ne kada ku cika wa kanku dokoki. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hore mu da mu riƙa yi wa juna kyauta domin mu so juna. Idan kowace ta ɗinka nata da niyyar kyauta, ba za ta tsaya auna abin da ya dawo mata ba. Wadda ta ƙware ta sani tun farko cewa wataƙila na mai koyo za ta samu, kuma ni da ni ce, da farin ciki zan rataye karkataccen ɗinkin yarinyar da ta yi iya ƙoƙarinta.

Martani daga Hajiyar Fagge

Ƙanwata ta Gusau, niyyar da kika faɗa ita ce tushe, ban musa ba. Amma na daɗe ina ganin yadda irin wannan haɗaka ke watsewa a tsakanin mata, kuma yawanci ba karkacewar ɗinki ke kawo shi ba. Abin da ke kawo shi shi ne wata ta aika nata a kan lokaci ta zauna jiran shiru, ko kuma ta buɗe ta tarar da soso a ciki bayan an ce kada a sa. Saboda haka a bar ado da haɗin launi ga kowa da iyawarta, kada a yi wa kowa gori a kansu, amma abin da ya shafi lafiyar hannu a yi masa ƙa'ida ɗaya: auduga zalla, tawul ninki biyu, inci 8, guda biyu kowace mace. Wannan mai koyo ma za ta iya cika shi.

Sannan ku naɗa mace ɗaya ta riƙe shirin kamar yadda uwar adashe ke riƙe zubi. Kowace ta kai nata wurinta zuwa ranar da aka yanke, ita ta duba, sannan a rubuta sunaye a jefa ƙuri'a a gaban shaidu biyu. Wadda ba ta kawo ba sunanta ba zai shiga ba, sai zagaye na gaba, kuma ba a yi faɗa da kowa ba. Idan ta ga wanda bai cika ƙa'ida ba, ta kira mai shi a keɓe ta nuna mata, kada ta ɗora hotonsa a zaure. Ki kuma kauce wa watan azumi da makonnin da ke gaban Babbar Sallah wajen sa rana, domin a lokacin babu telar da ke da sararin kanta.

Amsa daga wata 'yar uwa mazauniyar Ingila

Anti, a nan masu ɗinkin haɗe-haɗen ƙyalle suna yin irin wannan musaya sosai, kuma akwai abu ɗaya da na ga yana rage ƙorafi: kafin a fara, kowace takan faɗi launukan da take so a kicin ɗinta da waɗanda ba ta so. Idan za ku ɗauki wannan, sai a jefa ƙuri'ar tun farko domin mai ɗinki ta san wadda take yi wa, amma duk da haka kayan su bi ta hannun mai riƙe shirin. Za ku kuma ga ana ambaton wani abin cushe mai suna Insul-Bright, wanda ke da siririn falle mai ƙyalli a cikinsa da ke mayar da zafi baya. Shi kansa da zaren poliyesta aka yi shi, shi ya sa ake haɗa shi da fallen auduga, kuma ba a sa shi a cikin na'urar ɗumama abinci ta maikurowef saboda ƙarfen da ke jikinsa. Ban ga dalilin da zai sa ku kashe kuɗi ku yi odarsa ba alhali tawul yana biyan buƙata.

Mai tambaya ta dawo

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa abokan aikina amsoshinku, kuma mun karɓi ƙa'idar Hajiya tare da shawarar faɗin launi tun farko. Abin da ya rage shi ne kuɗin aike, musamman na 'yar uwarmu ta Maraɗi, domin idan aka ce kowace ta biya nata, ita da wadda ƙuri'a ta haɗa su za su fi kowa ɗaukar nauyi.

Amsa daga telan Katsina

Malama, kada ku bar nauyin a kan mutum biyu. Ku ƙiyasta kuɗin aiken duka ku raba shi daidai a tsakanin ku 12, kowace ta haɗa kasonta da ɗinkinta. Na kowane gari a ɗaure su ƙunshi ɗaya a ba direba a tasha, a karɓi lambar wayarsa da ta motar, mace ɗaya ta karɓa a can ta rarraba, wannan ya fi a aika ɗaya bayan ɗaya arha. A sa kowane biyu a leda da sunan mai karɓa a jiki, saboda ƙura da ruwan sama. Na Maraɗi kuwa hanyarsa ta nan Katsina ce zuwa Jibiya, kuma 'yan kasuwa da masu ziyarar dangi ba sa yankewa a kanta. Ku tambayi ita 'yar uwar taku ko tana da wanda ta amince da shi mai zuwa Kano saro kaya, sai a daidaita ranar rabon da zuwansa, ya kawo nata ya koma da wanda aka ɗinka mata.