Na tsinci tsohon kati a cikin dilar gwanjo, wa ya san kansa?

Ɗan Kotangowa:
Salama alaikum jama'a. Jiya muna fasa dila a kasuwar Kotangowa ta Legas sai na ci karo da wani ɗan kati a aljihun wata tsohuwar kwat, yana cikin leda mai tauri, ko tafin hannu bai cika ba. Hoton bature ne ɗan wasan besbol, an rubuta Andy Cohen, a ƙasa kuma Big League Chewing Gum, bayansa lamba 52 da rubutu kore. Yaron shagona ya ce in jefar, ni kuma zuciyata ta ƙi, don wanda ya adana shi haka ba a banza ya yi ba. Waye mutumin nan, kuma abin yana da daraja? Ina tunanin in kai a yi mai laminatin saboda ruwan Legas.

Malamin Agege:
Wa alaikumus salam. Alhaji don Allah kar ka kai shi laminatin, kana mannawa ka kashe shi, masu saye ba sa ko kallon wanda aka taɓa. Kar ka goge, kar ka datse gefe. In na gaske ne to na kamfanin cingam na Goudey ne da ke Boston a da, bugun 1933, kati 240 ne a jerin, yara ke saye haɗe da cingam. Na 53 da ke bin naka ma Babe Ruth ne, shahararren gwanin besbol.

Idi-Araba:
Gaskiya yayana kar ka sa rai da yawa tukuna, an sha sake buga irin waɗannan daga baya, jabu sun yi yawa. Je wajen 'yan canji su haska maka da fitilar nan da suke duba dala, takardar zamani tana ƙyalli a ƙarƙashinta, tsohuwa ba ta yi. Kuma ko na gaske ne kuɗinsa yana ga lafiyar kusurwoyi da rashin lanƙwasa, akwai kamfanoni a Amurka irin PSA da ke ba shi maki daga 1 zuwa 10, sai dai aikawa daga nan da kuɗin aikin ba wasa ba ne, kuma shi ba Babe Ruth ba ne.

Malamin Agege:
Haka ne, amma ni labarin mutumin ne ya fi kama ni. Bayahude ne, an haife shi 1904 a Baltimore ya tashi a El Paso. Kocin ƙungiyar New York Giants, John McGraw, yana neman ɗan wasa Bayahude da zai jawo Yahudawan garin zuwa kallo, shi ne a 1928 ya sa shi a gurbin Rogers Hornsby, babban gwani. Ka ga an ɗora wa yaro kaya. A lokacin 'yan wasa Yahudawa da dama canza suna suke yi saboda tsangwama, shi ya ƙi, ya ce Cohen ɗinsa zai amsa. Mu da ke zaune a garin wasu mun san wannan, sau nawa ɗanmu ke ɓoye sunansa don ya samu haya? Bayan 1929 bai sake buga babban lig ba, ya rasu 1988. Ƙaninsa Syd shi ma ya buga.

Ɗan Kotangowa:
Allah ya saka da alheri malam, wallahi jikina ya yi sanyi. Laminatin na fasa. Gobe in Allah ya kai mu zan biya ta wajen 'yan canji a haska min, zan dawo in faɗa muku.